Hoton da Ba a Raɗa wa Suna Ba

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce. Shekara ashirin ke nan da 'yan kai ina yin ta a Abijan, tsakanin Treichville inda shagonmu yake, da Adjamé inda muke sayen kayan aiki da kai su gyara. Aure, suna, walimar sauka, tarbar alhazai, taron ƙungiyar 'yan gari ɗaya, duk inda Hausawan wannan birni suka taru za ka iske ɗayanmu a gefe da kyamara. Jama'a na ganin tsayuwar nan ita ce aikin. Ni kuwa in an tambaye ni sai in ce ɗaukar ita ce mai sauƙin. Wahalar tana farawa ne bayan an watse: yadda hoton zai fita daga kyamara ya shiga kwamfuta, ya fita daga manhajar tacewa ya shiga wurin ajiya, sannan bayan shekara goma a neme shi a same shi, kuma ya buɗe. Kowace ƙofa a cikin waɗannan akwai mai gadinta, kuma masu gadin ba sa jin yaren juna.

Kawuna ne ya koya mini aikin, ƙanen mahaifiyata. Daga Maraɗi ya zo, ya fara da tallar agogo da rediyo, daga baya ya sayi kyamara ya buɗe shago. Darasin farko da ya ba ni a kan kala ne. Tun da aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan Hausa na kaset suka fara yaɗuwa, kafin ƙarshen shekarun nan kuwa direbobi da fatake sun riga sun kawo su har Abijan. Sai mutum ya sayi kaset ya kai gida, a tara yara da mata, a kunna, hoto ya fito baƙi da fari. Gobe da safe ya dawo wa mai shago da faɗa, wai an sayar masa da jabu. Alhali kaset ɗin lafiyarsa lau. A Kano da kalarsa ake kallonsa.

Dalilin kuwa tun daga Turai ya taso. Lokacin da talabijin mai kala ta fara aiki a can a 1967, Faransa ta ɗauki tsarinta mai suna SECAM, Ingila da Jamus ta Yamma suka ɗauki PAL. Ƙasashenmu kuma kowace ta bi uwargijiyarta: Nijeriya da Gana suka bi PAL, Nijar da Kwaddibuwa suka bi SECAM. Duka biyun layi 625 ne, hoto 25 a daƙiƙa, shi ya sa hoton ke fitowa. Inda suka saɓa shi ne yadda kowanne ke ɗauke da kala, shi ya sa kalar ke maƙalewa a hanya. Bakatsine da Bamarade yarensu ɗaya, danginsu ɗaya, amma akwatunan talabijin ɗinsu ba su ga maciji. Iyakar da Turawa suka shata a ƙasa sai ga ta a cikin na'ura. Kawu ya tara kuɗi ya sayi bidiyo mai karanta tsarin duka biyu, kuma har ta tsufa bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Tafinta.

Da na zo a 2003, babban kaset na VHS ne muke miƙa wa masu biki, amma ƙaramin kaset na MiniDV ya fara shigowa. Shi wannan sai da wata igiya ta musamman, FireWire, ake juye shi a kwamfuta, kuma kaset na awa ɗaya awa ɗaya cur yake ci kafin ya juye, ya cinye wajen giga 13. Daga nan faifan DVD ya karɓi gari, mai ɗaukar giga 4.7, dole a matse hoton kafin ya shiga. Sai katin memori ya zo ya kori kaset, waya kuma ta zo ta kori faifan. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, mun canza. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, duk canjin da aka yi akwai kayan da aka bari a baya. A 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, ya daina. Kwamfutocin yau kuma ba su da kafar da igiyar FireWire za ta shiga. Kaset na nan a kan kanta, hoton na cikinsa, amma na'urar da za ta karanta shi tana ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Mai karatu zai ce ai yanzu komai ya zama fayil, fayil kuwa fayil ne. Bari in ba ka misalin aure ɗaya na wannan zamani. Ni ina wajen maza da babbar kyamara, na saita ta a hoto 25 a daƙiƙa, saboda wutar lantarkinmu mai bugu 50 ce, in ba haka ba fitilun ɗakin taro su yi ta ƙyafta ido a cikin hoton. Cikin gida wajen ƙunshi da kamu, inda namiji ba ya shiga, 'yan matan amarya ne ke ɗauka da wayoyinsu. Wayoyin hoto 30 suke ɗauka a daƙiƙa, kuma ba sa tsayawa a kan 30 ɗin, in haske ya ragu sai su rage. Ka ɗora wannan a kan nawa, bayan 'yan mintoci baki ya rabu da murya, maroƙiya ta rufe baki guɗarta na tashi. Tun 2017 wayoyin iPhone suka koma wani sabon salon matse hoto mai suna HEVC, wanda tsofaffin kwamfutoci da tsofaffin manhajoji ba su san shi ba. Wata kuma ba za ta kawo wayar ba, sai ta turo ta WhatsApp, shi kuwa matse hoton yake yi don ya yi sauƙin tafiya, ya sauya masa suna. Abin da ya iso hannuna ba shi ne abin da ta ɗauka ba.

Ko rumbun ajiyar ma da nasa ƙabilancin. Rumbun da aka tsara wa Windows, kwamfutar Mac za ta karanta shi amma ba za ta rubuta a ciki ba. Wanda aka tsara wa Mac kuwa, Windows ba ta ma gane shi, har takan yi tayin goge shi ta sake masa tsari, wanda bai iya karatun saƙon ba ya danna ya amince. Fulash mai tsohon tsari na FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce giga 4, ko da cikinsa fanko ne. Ana iya juya fayil daga wani salo zuwa wani, amma juyin kamar zuwa wurin ɗan canji ne. Mu da ke kashe sefa a nan da can Maraɗi ba ma jin zafin, amma wanda ya mai da sefa naira, ya sake mai da naira sefa, ya san kuɗinsa ba sa dawowa yadda suka tafi. Haka hoto yake, duk juyi sai an ci wani abu a jikinsa.

Akwai kuma abin da masu biki ba su sani ba sam. In na zauna na tace bidiyo, na yanke nan na haɗa can, na sa rubutu da sauti, abin da manhajar ke ajiyewa ba fim ba ne. Takardar umarni ce kawai: ɗauko daga fayil kaza da ke wuri kaza, daga minti kaza zuwa minti kaza. In aka matsar da fayil ɗin ko aka sauya masa suna, takardar ta zama wasiƙar da mai ita ya tashi daga gidan. Kuma kowace manhaja da irin rubutunta, wata ba ta karanta na wata. Kai, ko 'yan gida ɗaya ma sukan saɓa. A watan Yunin 2011 kamfanin Apple ya fitar da Final Cut Pro X, sai ga shi ba ya buɗe ayyukan da aka yi da Final Cut Pro 7, yayansa uwa ɗaya uba ɗaya. Masu tace fim a duniya suka yi ta kuka a lokacin.

Masana'antar ta yi ƙoƙarin samar da yaren kasuwa. Akwai tsohon jerin yanka da ake kira EDL, akwai XML, akwai AAF, waɗanda ake fitar da aiki da su daga wata manhaja a shigar a wata. Suna aiki, amma irin aikin Julanci a kasuwar Adjamé. Bahaushe da Bamoshe da Baule za su yi ciniki da shi, a faɗi kuɗi a faɗi awo a rabu lafiya, amma ba da shi kowannensu zai yi wa ɗansa tatsuniya ba. Yankan zai ƙetare, wurin farawa da wurin tsayawa za su ƙetare, amma gyaran kala da adon rubutu sau da yawa a bakin gada suke tsayawa.

Manyan gidajen talabijin kuwa suna da wata babbar manhaja ta daban wadda aikinta tsare dukiyar hotuna: kowane hoto ya shigo sai ta ba shi lamba, a rubuta wa ya ɗauka, yaushe, a ina, su wa ke ciki, sannan ta san rumbun da yake kwance. Gida irin RTI, da ya fara talabijin tun 1963, ba zai iya dogara da ƙwaƙwalwar ma'aikaci ɗaya ba. Duk rigimar da ake yi a wannan fanni a kan abu ɗaya take: manhajar tacewa da manhajar ajiya su riƙa gane juna, bayanin da aka rubuta a nan ya bi hoton zuwa can. In bai bi shi ba, an ajiye kaya ne babu shaida.

Mu a shagonmu wannan babbar manhaja littafi ce mai bangon kwali, irin wanda 'yan lakwal ke kira kaye. Kawu bai yi boko mai zurfi ba, amma ya yi zama da fataken goro, ya ga yadda suke yi wa kowane huhu alama kafin a ɗora a mota. Duk bikin da ya ɗauka sai ya riƙe uwar kaset ya ba masu biki kwafi. A gefen uwar kaset zai manna takarda ya rubuta lamba, ita dai wannan lambar zai rubuta a kaye, sannan ya jera kwanan wata, sunan mai biki, unguwar da yake zaune, garinsu na asali, manyan da suka halarta, kuɗin da aka biya da wanda ya saura. Sunaye da ajami, lambobi da boko. Ban taɓa ganin ya cire kaset daga kyamara ya ajiye ba tare da ya buɗe kaye ba, ko da ƙarfe biyun dare muka dawo.

Ina yaro abin yana ba ni haushi, barci nake ji shi kuma yana neman alƙalami. Wata rana na ce, "Kawu, ai mun san bikin wa muka je, a bari sai da safe mana."

Ya ce, "Kai yaro, yau ka sani. Wanda zai zo nema ba yau zai zo ba, kuma wataƙila ba kai zai tarar ba. Hoton da ba a raɗa wa suna ba, ɗan tsintuwa ne."

A rikicin bayan zaɓe, daga ƙarshen 2010 zuwa Afrilun 2011, baƙi 'yan Afirka ta Yamma sun sha wuya a wannan birni. An rufe shaguna, an fasa wasu, mutanenmu da yawa suka kama hanyar gida da abin da hannu zai iya ɗauka. Kawu ya kwashe kasakasai a buhunan shinkafa ya kai ɗakinsa, kayen kuma ya naɗe su a leda ya sa a ƙarƙashin katifa. Kyamara ya bari a shago. Ya ce ita ana sayen wata. Bayan shekara biyar tsufa ya kama shi ya koma Maraɗi, ya bar mini shago da kasakasai da kaye tara.

Amfanin wannan taurin kai nasa sai a 2022 na gan shi da idona. Wata dattijuwa ta shigo shago da rana, ta zauna ta huta tukuna, sannan ta ce, "Ɗana, kai ne magajin mai bidiyon nan?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya. Sannu da zuwa."

Mijinta ɗan kasuwar goro ne, yana sayowa daga Anyama. Kawu ya ɗauki sunan ɗansu na fari, bayan shekara guda mijin ya rasu. Yaron a wajen dangin uba ya tashi a Tawa, yanzu ga shi zai yi aure, kuma bai san muryar ubansa ba. Kwafin da aka ba su ya salwanta a gudun 2011. Ba ta riƙe shekara ba, abin da ta tuna kawai shi ne bayan Babbar Salla aka yi. Ta faɗi sunan marigayin da garinsu. Na ɗauko kaye ina bin layin garuruwa da yatsa, ko rubu'in awa ban yi ba na kai kansa: Fabrairun 2004, lamba 614. Na hau kujera na sauko da kaset daga kanta ta uku.

Samunsa ne mai sauƙi, karanta shi ne aiki. Laimar Abijan ba ta raga wa kaset, farin fumfuna ya kama gefen zaren. Tafinta kuma ta daɗe da yin shiru. Na naɗe ta a zane na hau bas ɗin SOTRA, muka ƙetare gada, muka ratsa Plateau zuwa Adjamé, cikin kasuwar nan da kowa ke kira Black, inda ake cewa abin da ka rasa a can to ba a kawo shi ƙasar ba. Matasan wurin waya suka sani, da suka ga abin da na ɗauko dariya suka yi ta yi. Can ƙurya na sami wani dattijo Bajule mai gyaran rediyo, tebur ɗinsa cike da gawarwakin na'urori. Na gaishe shi da Koro, yadda suke kiran yaya. Ya buɗe ta ya leƙa, ya ce robar da ke juya zare ce ta narke. Ya ciro wata daga cikin matacciyar bidiyo ya sa mata. Na zauna a bencin mai garba, abincin nan na acake da soyayyen kifi da ya ci sunan mutanenmu, ina ci ina jira har la'asar.

Da na dawo na share zaren a hankali, sai wata ƙofar ta rufe. 'Yar na'urar da ke ɗauko hoto daga bidiyo zuwa kwamfuta ba ta jin SECAM, hoton ya fito baƙi da fari. Tsohuwar rigimar nan ta zamanin kasakasan Kano, ita ce ta biyo ni har 2022. Kwana uku ina cigiya kafin wani abokin sana'a a Koumassi ya ara mini wadda ke ji. Sai ga kala ta dawo. Ga mutumin zaune a tabarma cikin shuɗiyar shadda, ana raba goro, ya ɗago kai yana yi wa jama'a godiya, yana dariya da wani da ya tsokane shi. Minti goma sha ɗaya yake cikin hoton. Hajiya ta kalla sau ɗaya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Haka yake magana, wallahi haka yake magana." Na zuba cikakken fayil ɗin a fulash muka ba direban motar Yamai, na kuma yi ƙarami wanda zai bi waya. Ranar da ya isa, angon ya kira ni, ya yi sallama, ya kasa cewa komai, ya kashe.

A cikin watan nan dai wani saurayi ya kawo mini rumbun ajiya. Na wani shago ne da ya rufe, mai shi ya tafi ci-rani wata ƙasa ya bar wa maƙwabci kayansa. A ciki, in ji shi, akwai bikin yayarsa na 2015, ita ma ta rasu wajen haihuwa. Wannan da kyamarar zamani aka ɗauka, hoto garau, ba fumfuna ba tsatsa. Na jona rumbun ya buɗe nan take. Abin da na tarar shi ne folda a cikin folda, kowace da sunan da kwamfuta ke ba sabuwar folda in ba a raɗa mata ba, ta ɗaya, ta biyu, har ta ɗari da wani abu. Cikin kowace kuma fayiloli masu suna iri ɗaya, 00000, 00001, 00002, domin irin waɗannan kyamarori daga sifiri suke sake ƙirga duk lokacin da aka goge kati. Kwanan watan duk ɗaya ga Janairu ne, ba a taɓa saita agogon kyamarar ba.

Abin tausayin shi ne mai shagon ba rago ba ne. Ya rubuta sunayen masu biki, amma a cikin manhajar da yake tacewa da ita ya rubuta. Sunayen suna cikin kundin manhajar, kundin yana cikin kwamfutarsa, kwamfutar an sayar. Hotunan suka zo tsirara. Dare tara ni da yaron muna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, muna leƙa bukukuwan mutanen da ba mu sani ba, yana cewa ba ita ba ce, wuce. A dare na tara muka ga yayar tasa, daƙiƙa arba'in, tana shiga mota. Murya babu, domin da wata na'ura daban aka ɗauki sauti a ranar, ita kuma Allah kaɗai ya san inda katinta ya faɗa. Ya karɓi daƙiƙa arba'in ɗin ya yi godiya. Na ƙi karɓar kuɗinsa.

Kaset mai shekara goma sha takwas, mai dishi-dishin hoto, an same shi cikin rubu'in awa. Fayil mai shekara bakwai, mai kyan hoto, ya ci dare tara kuma bai fito duka ba. Bambancinsu ba a na'ura yake ba. Ɗaya sunansa na manne a jikinsa, an kuma rubuta shi a wurin da kowane mai ido zai karanta. Ɗayan an kulle sunansa a ɗakin da manhaja ɗaya tak ke da mabuɗinsa.

Saboda haka tsarin Kawu na ci gaba da bi, na dai faɗaɗa shi. Kowane aiki lamba ɗaya gare shi, ita ce a kaye, ita ce a folda, ita ce a takardar umarnin tacewa, ita ce a rasiɗin mai biki. Sunan kowane fayil yana farawa da shekara, sai wata, sai rana, sai lamba, sai irin bikin, don su jeru da kansu a kowace kwamfuta. Bayanan kuma ina zuba su a jadawali na rubutu zalla, wanda kowace manhaja ke buɗewa, ba a cikin manhajar tacewa ba. In na gama aiki nakan fitar da XML in ajiye kusa da hotunan, in fitar da cikakken fim ɗaya mai rubutu, ɗaya marar rubutu. Kwafi uku nake yi: ɗaya a shago, ɗaya a gida, ɗaya a wajen wani amini a Adjamé, ƙetaren ruwa, don gobara ko ambaliya ba ta cin unguwa biyu rana ɗaya. Rumbun da zai yi yawo tsakanin kwamfutoci nakan tsara shi da exFAT, wanda Windows da Mac duka suke ji. Bayan kowace damina kuma sai na jona rumbunan na tabbatar suna numfashi.

Harshenmu ma yana da nasa rabon a wannan wahala. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, ba kowane salon rubutu ne ke da su ba. Ka rubuta sunan ango a kan fim, wurin ƙ sai ka ga ɗan akwati fanko. A sunan fayil kuwa wasu tsofaffin na'urori kan mai da su shirme. Sannan mutum ɗaya sunansa kan zo da fuska uku: Muhammadu a rubutun Kano, Mahamadou a takardun Nijar, Mamadou a bakin mutanen nan. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne. Don haka a sunan fayil haruffa marasa ƙugiya nake sawa, a jadawali kuma in rubuta sunan daidai da ƙugiyarsa, in bi shi da sauran fuskokin. Layin garin asali kuwa ban taɓa barinsa fanko ba. Ranar 31 ga Janairun 2021 lambobin wayar ƙasar nan suka tashi daga takwas suka koma goma, mutane kuma kullum cikin sauya layi suke. Amma in ka san mutum ɗan Madawa ne ko ɗan Tasawa, shugaban 'yan garinsu zai kai ka har ƙofar ɗakinsa.

Ina rubuta wannan ne don na san ba mu kaɗai ba ne. A Kano da Zariya da Damagaram akwai ɗakuna cike da kasakasan finafinan farko, da karatuttukan malamai, da wasannin makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya. Hukumar UNESCO ta ware ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da irin wannan gado na sauti da hoto, amma rana ɗaya ba ta gyara robar bidiyo. Masu gyaran tsufa suke yi, dattijon nan na Adjamé ba shi da yaro ko ɗaya mai koyo. Duk wanda ke da kaset a gida, ba a fafe gora ranar tafiya, ya nemi a juye masa tun ana samun abin juyewa. In an juye kuma kada ya yar da kaset ɗin, kuma ya zauna da tsofaffin gidan su faɗa masa su wane ne a ciki, ya rubuta.

Wanda kuma zai ɗauki mai bidiyo a bikinsa, bayan ya gama cinikin kuɗi ya ƙara da tambaya uku. Za ka ba ni asalin abin da ka ɗauka, ko wanda aka matse kawai? A ina za ka ajiye naka kwafin? Da wane suna zan zo nemansa in ba kai na tarar ba? In ya amsa ta ukun ba tare da ya sosa ƙeya ba, a ba shi aikin.

Yanzu ni ma ina da yaro a shago, ɗan ƙanwata. Hannunsa ya fi nawa sauri a kwamfuta, ya san manhajojin da ban taɓa buɗewa ba. Doka ɗaya na kafa masa: kati ba ya shiga kwamfuta sai an buɗe kaye. Yakan yi tsaki a ɓoye, ina jinsa. Muna kan kaye na goma sha huɗu.